Yadda za ki zaɓi kwalliyar da ba ta wankewa idan za a ɗauke ki hoto a cikin ruwa

Kwalliyar da take kai amarya daga la'asar har ƙarshen liyafa ba lallai ne ta jure minti goma a cikin pisin, wato tafkin wanka da ake ginawa, ba, kuma duk wadda ta shirya ɗaukar hoto a ruwa, ko a wani otal na Yamai ne ko a bakin kogin Isa, ya kamata ta san haka tun kafin ta biya mai hoto. Yawancin mutane suna ɗauka cewa ruwa shi kaɗai ne abokin gaba, alhali kuwa abubuwa uku ne suke haɗuwa su ɓata fuska: ruwan da yake taɓa ta daga waje, gumi da maiƙon da suke tasowa daga cikin fata, da kuma hannu ko tawul da yake gogar ta. A garin da zafi yake wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, gumi yakan fara aikinsa tun ba a sa ƙafa a ruwa ba. Saboda haka zaɓen kayan kwalliya na irin wannan rana aiki ne da ake farawa kwanaki kafin ranar, kuma abin dogaro a cikinsa shi ne gwajin da kika yi a kan fatarki.

Kayan da ake samu a Babbar Kasuwa da shagunan kwalliya na unguwanni galibi suna zuwa da rubutun Faransanci ko na Ingilishi, kuma kalmomin da ke jikinsu ba ma'anarsu ɗaya ba. Idan an rubuta "longue tenue", ana nufin kayan yana daɗewa a fuska ne kawai, ba a yi maki alkawarin komai game da ruwa ba. "Sans transfert" yana nufin ba ya shafar mayafi ko kofi. "Résistant à l'eau" yana jure yayyafi, hawaye da ɗan gumi, shi kuwa "waterproof" shi ne aka haɗa don ya jure nutsewa, kuma shi ya kamata ki nema. Sai dai ki tuna cewa kamfanin da ya yi kayan shi ne ya rubuta wa kansa wannan yabo. A shekarar 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana masu yin man kariya daga rana rubuta cewa ruwa ba ya wanke mansu sam, ta tilasta masu su faɗi ko minti 40 yake jurewa ko minti 80. Dokar ta shafi man rana ne, amma darasinta ya shafi sauran kayan fuska: kowane kaya yana da iyakar lokacin da zai jure, kuma aikinki shi ne ki gano wannan iyaka.

Hanyar da ta fi rubutun gaban kwali gaskiya ita ce jerin sinadaran da ke bayansa, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa, ana farawa da sinadarin da ya fi yawa a ciki. Ba sai kin karanta ilimin haɗa magunguna ba kafin ki amfana da shi, sunaye kaɗan za ki riƙe. Idan kika ga "isododecane" a farkon jerin, wannan wani ruwa ne mai saurin bushewa da yake ɗauko launi ya ajiye shi a fata sannan ya tashi. "Trimethylsiloxysilicate", duk da tsawon sunansa, shi ne babban abin nema, domin shi ne nau'in silikon da yake barin wani siririn rufi a kan fata wanda ruwa yake zamewa a kansa. "Dimethicone" ma silikon ne, "acrylates copolymer" kuma yana yin irin wannan aiki na rufi, musamman a cikin ruwan fesawa da ake kammala kwalliya da shi. A maskara da jagira za ki ga kakin zuma, wanda ake rubutawa "cera alba", da kakin carnauba. Kada ganin "aqua", wato ruwa, a farkon jerin fondetan, kayan shafa mai launin fata da ake shimfiɗawa a fuska, ya sa ki mayar da shi, domin da yawa daga cikin masu jurewa sosai an haɗa su ne da ruwa a cikin silikon. Abin dubawa shi ne ko waɗancan sunaye sun biyo baya kusa-kusa. Idan kuwa kika ga mayuka irin na kwakwa ko na zaitun a sahun gaba, wannan kayan na laushin fata ne, zai yi kyau a falo amma zai zame a ruwa.

Akwai matsalar jabu, kuma ba ƙarama ba ce. Kwalin jabu yana ɗauke da duk kalmomin da na asali yake ɗauke da su, har da jerin sinadaran, alhali abin da ke ciki daban ne. Farashin da ya yi arha fiye da hankali, rubutu mai kurakurai, murfin da ba ya rufuwa da kyau da wari mai hawa kai duk alamu ne. Ko na asalin ma, idan ya yi watanni a kan tebur rana tana dukansa, yakan rabu, mai a sama launi a ƙasa, kuma ƙarfinsa ya ragu. Ki duba ɗan hoton gwangwani mai buɗaɗɗen murfi da ke jikin kwalbar, wanda aka rubuta 6M ko 12M a cikinsa, domin yana faɗa maki watannin da kayan zai yi da lafiyarsa bayan an buɗe shi. Maskara ta fi kowa saurin lalacewa, kuma likitocin ido suna ba da shawarar a sauya ta bayan kamar wata uku.

Gwajin da nake nufi ba shi da wuya, amma yana son haƙuri. Kwana uku ko huɗu kafin ranar hoto, ki shafa kowane kaya a cikin damtsenki, layi-layi: fondetan, jagira, jan-baki, launin kunci. Ki bar su su bushe na minti goma sha biyar, domin rufin da ake magana ba ya kamawa sai ruwan da ke cikin kayan ya tashi, kuma gaggawa a nan ita take sa mata da yawa su yanke wa kaya mai kyau hukuncin ƙarya. Sannan ki tsoma hannun a cikin bokitin ruwa na minti goma, ki fito da shi, ki duba. Kayan kirki za ki ga ruwa ya tsaya a kansa ɗigo-ɗigo kamar raɓa a kan ganyen kabeji, gefen layin yana nan a tsaye bai yi jirwaye ba. Ki danna farin ƙyalle a kai ba tare da gogawa ba, ki ga abin da ya biyo shi, daga nan ki goga da yatsa sau ɗaya. Wanda ya tsira daga waɗannan ya cancanci gwaji na biyu, wato ki yi cikakkiyar kwalliyar a fuska da rana tsaka, ki yi aikin gida har ki yi gumi, ki watsa ruwa a fuskar, sannan a ɗauke ki hoto da waya sau biyu, ɗaya da hasken rana ɗaya da filashi. Wannan gwaji na biyu yana kuma nuna maki ko wani kaya zai tayar maki da ƙaiƙayi ko ƙuraje, kuma gara ki gano haka ranar Laraba da ki gano shi ranar Asabar a gaban mai hoto.

Hoton filashin yana da dalili na musamman ga masu fata irin tamu. Farar hodar da ake danne kwalliya da ita, musamman mai yawan "silica", da man rana mai "zinc oxide" ko "titanium dioxide", suna mayar da haske zuwa kamara, sai a ga ƙasan ido da goshi sun yi fari fat ko toka-toka a hoto alhali a madubi ba a ga komai ba. A bakin ruwa abin yana ƙaruwa, domin ruwan kansa yana dawo da hasken rana fuska daga ƙasa. Wannan ba hujjar barin man rana ba ce, tunda baƙar fata ma tana ƙonewa kuma tabo yana ƙara duhu da rana. Hujja ce ta neman man da ba ya barin fari, mai jure ruwa, a shafa shi kamar minti goma sha biyar kafin a ɗora komai a kansa. Hoda kuma a zaɓi mai launin fata, a yi amfani da ita kaɗan.

A ranar hoton, ki wanke fuska, ki shafa mai mara nauyi, ki bar man kaɗanya da basilin sai dare, domin duk wani maiƙo da ke ƙarƙashin kwalliya yana narkar da ita daga ciki. Idan lokacin hunturu ne kuma fata ta bushe, gyaranta aikin darare ne kafin ranar, ba a gyara ta da safiyar ranar ta hanyar lafta mai. Babban kuskuren da nake gani a wurin masu kwalliya, har da ƙwararru, shi ne tunanin cewa kauri shi ne ƙarfi. Akasin haka ne. Fondetan mai kauri ba ya bushewa har ciki, ruwa yana shiga ta ƙarƙashinsa ya ɗaga shi, sai ya tsattsage a gefen hanci da haɓa. A shafa shi siriri da soso, ana dannawa ba a ja, a jira ya kama, a fesa ruwan kammalawa, sannan a ƙara wani siririn a inda tabo yake kawai. Launin kunci da na gyaran siffar fuska su kasance na ruwa ko na kirim masu bushewa, tunda na gari suna zama a saman fata ne kuma ruwa yana kwashe su faci-faci. Fatar da ta jiƙe tana ƙyalli da kanta, don haka ba a buƙatar ƙara mata abin ƙyalli mai yawa.

Ido shi ne inda hoton ruwa yake yin kyau ko ya lalace, kuma a nan ne nake roƙon a fi taka tsantsan. Maskara mai jure ruwa ta gaskiya kusan ba ta da ruwa a cikin haɗinta, kaki ne da sinadarai masu saurin bushewa, shi ya sa take riƙe lanƙwasar gashin ido ko an nutse. Akwai wata irin da take naɗe kowane gashi da ɗan bututu, wadda ba ta yin baƙin jirwaye a ƙasan ido, amma an yi ta ne don ruwan ɗumi da ɗan murzawa su cire ta, kuma ruwan pisin da ya wuni a ranar Yamai yakan yi ɗumi, saboda haka sai an gwada ta sosai kafin a yarda da ita. Shafi biyu sun isa, kuma gashin ido na ƙasa gara a bar shi haka nan. Layin ido a ja shi da jagira mai kaki ko ta jel wadda take bushewa ta kafe, a bar idon a lumshe na ɗan lokaci har ta kama. Gira ma haka, jagira mai kaki sannan a danne ta da jel mara launi.

Kwallin gargajiya, duk da ƙaunar da muke yi masa, ba na wannan rana ba ne. Gari ne, ba abin da yake riƙe shi, kuma da zarar ruwa ya shiga ido zai gangaro kunci. Akwai kuma dalilin lafiya da ya fi wannan nauyi: kwallin dutse mai ƙyalli galibi daga ma'adinin dalma ake samun sa, kuma hukumar nan ta abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa tana ambaton sunayensa na ƙasashe daban-daban, har da kwalli da tozali. Gashin ido na liƙawa kuma yana iya tsayawa idan hoton na tsayuwa ne a ruwa zuwa ƙirji, amma idan za a nutsar da kai, gam ɗin yana saki daga kusurwar ciki, kuma babu abin da yake ɓata hoto kamar gashin ido da ya karkace. Wadda ta nace, ta sa guntaye a gefen waje maimakon dogon layi guda, ta kuma riƙe gam a jaka. Gilashin nan na cikin ido da ake sawa don sauya launin ƙwayar ido kuwa, shawarata ita ce kada a shiga ruwa da shi ko kaɗan, ko pisin ko kogi. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Acanthamoeba da take rayuwa a ruwa, tana maƙalewa tsakanin gilashin da ido, kuma ciwon da take haddasawa yana da wuyar magani har yana iya taɓa gani. Launin ido abu ne da mai hoto zai iya gyarawa a kwamfuta cikin minti kaɗan.

Leɓe bai da wahala. Jan-baki na ruwa mai bushewa ba ƙyalli shi ne ya fi jurewa. A zagaye leɓen da jagira, a cike shi da ita, a shafa siriri sau ɗaya, a bar baki a buɗe har ya bushe. Mai ƙyalli da mai maiƙo a ajiye su.

Ga hannu da ƙafa, muna da abin da ya fi duk kayan kanti jure ruwa, wato lalle, domin shi rina saman fata yake yi, babu wani rufi da zai ɓare. A yi shi kwana biyu kafin hoto, tunda launinsa yana ƙara nuna a cikin wannan lokaci, a kuma sani cewa kulorin na pisin yana sa shi saurin koɗewa daga baya. Baƙin zanen da ake haɗawa da rinin gashi yana ɗauke da sinadarin PPD, wanda yake sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa har su bar tabo, kuma wadda fatarta ta taɓa yin haka da shi kada ta sake kusantarsa.

Irin ruwan da za a shiga ma yana cikin lissafi. Ruwan pisin yana da kulorin, wanda yake busar da fata ya kuma jajanta ido idan an daɗe, amma a bayyane yake kuma an san zurfinsa. Kogin Isa ya fi kyau a hoto, musamman da yamma idan rana ta sunkuya ta bayan gadar Kennedy, ko a wajen Boubon inda tsibirai suke, sai dai yana da nasa sharuɗɗa. A watannin Agusta da Satumba ruwan yana yin ja saboda lakar da ruwan sama yake kwasowa, kuma wannan laka tana kwanciya a kan fuska da farin tufafi, ba kwalliyar da za ta hana. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma kogin yana sake cika da ruwan da ya taso daga Gine, igiyarsa tana da ƙarfi. Ga dorina, ga kuma cutar tsargiya da ake ɗauka ta fata a ruwan da ba ya gudu sosai, irin na gefen kogi da tafkuna, har da manya irin na Tabalak a jihar Tahoua. Ni a ganina, hoton nutsewa a yi shi a pisin, na kogi kuma a yi shi a cikin kwale-kwale ko a kan tudu, tare da masuntan wurin da suka san inda ake taka ƙafa, a jiƙa fuska da ruwa mai tsabta daga kwalbar fesawa. A hoto ba mai iya bambance ɗigon ruwan kwalba da na kogi.

Ki yi magana da mai hoto a tsara aikin daga busasshe zuwa jiƙaƙƙe: a fara da hotunan bakin ruwa, a bi da na tsayuwa a ciki, na kusa da fuska su zo kafin a jiƙa kai, nutsewa kuma ta zama ta ƙarshe. Duk lokacin da kika ɗago daga ruwa, hannu zai so ya share ido, kuma wannan sharewa guda ɗaya ta fi minti ashirin na ruwa ɓarna. Ki girgiza kai kaɗan, ki ƙyafta ido, ki bar mai kwalliya ko ƙawar da ta raka ki ta danna maki takarda mai laushi a fuska. Ba a ɗora hoda ko fondetan a kan jiƙaƙƙiyar fata, sai an busar da wurin da mahuci ko ƙaramar fanka tukuna. Jakar kayan gyara kuma a ajiye ta a inuwa, domin jagira da jan-baki suna narkewa a rana.

Akwai batun da ya shafi salla, wanda bai kamata a bar shi sai an ji kiran magariba ba. Kwalliyar da ta hana ruwan pisin taɓa fata za ta hana ruwan alwala ma, kuma malamai sun yi bayani cewa duk abin da ya shamakance ruwa daga gaɓar alwala sai an gusar da shi, saɓanin lalle da launi ne kawai. Tunda hasken da masu hoto suka fi so yana tsakanin la'asar da faɗuwar rana, abin da ya fi sauƙi shi ne a yi alwala kafin a fara kwalliya, a sallaci la'asar da ita, sannan a tanadi kayan cirewa a jaka don kada magariba ta kuɓuce.

Sabulu da ruwa ba sa cire irin wannan kwalliya, mai ne yake narkar da ita. A farmasi ana samun ruwan cirewa mai hawa biyu, mai da ruwa, wanda ake girgizawa kafin amfani, a jikinsa an rubuta "biphasé". Idan babu, man kwakwa ko man zaitun mai tsabta yana yin aikin. A jiƙa auduga, a ɗora ta a kan rufaffen ido na kamar daƙiƙa talatin, sannan a share a hankali zuwa ƙasa, domin murza maskara mai kaki da ƙarfi yana karya gashin ido. Bayan mai sai a wanke da sabulun fuska mai laushi, a shafa man da aka saba, kuma a nan ne man kaɗanya yake da amfani. Kayan nan na rana ta musamman ne, bai dace su zama na kullum ba. A shekarar 2021 masu bincike a jami'ar Notre Dame ta Amurka sun gwada kayan kwalliya 231, suka sami alamar sinadaran da ake kira PFAS da yawa a fiye da rabinsu, kuma maskara mai jure ruwa tana cikin waɗanda suka fi yawa. Sinadarai ne da ba sa ruɓewa da sauƙi a jiki ko a ƙasa, har Faransa ta kafa dokar hana su a kayan kwalliya a 2025. Idan kika ga "PTFE" ko wata kalma mai "perfluoro" a jerin sinadarai, ki nemi wani. Idan kuma ido ya kwana yana ja, yana zafi ko yana gudun haske bayan an fito daga ruwa, a je wurin likitan ido washegari da safe, kada a tsaya ɗiga maganin da aka saya a bakin hanya.